Taswira ce ke mulki ko mutum? Muhawara kan littafin Tim Marshall

Mai_Karatun_Dare:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na gama Prisoners of Geography na Tim Marshall, ɗan jaridar nan na Birtaniya da ya daɗe a Sky News. A 2015 littafin ya fito, babi goma, kowanne da taswirarsa: Rasha, Sin, Amurka, Yammacin Turai, Afirka, Gabas ta Tsakiya, Indiya da Pakistan, Koriya da Japan, Latin Amurka, sai yankin ƙanƙara na Arctic. Maganarsa ɗaya ce tun daga farko har ƙarshe: shugaba komai ƙarfinsa, duwatsu da koguna da teku da hamada su ne ke gaya masa inda zai tsaya.

Babin Rasha ya kama ni sosai. Tun daga Faransa, ka ratsa Jamus da Poland har Mosko, fili ne shimfiɗaɗɗe, babu wani dutsen kirki da zai tare runduna. Ta nan Napoleon ya shigo a 1812, ta nan Hitler ya shigo a 1941. Ga kuma matsalar tashar jiragen ruwa, yawancin nasu ƙanƙara na rufe su lokacin sanyi, shi ya sa Sevastopol ta Kirimiya ta zame musu abin da ba za su saki ba, suka karɓe ta a 2014. Mutumin ya rubuta wannan shekara bakwai kafin yaƙin 2022, amma kana karantawa kamar jiya aka rubuta.

To amma da na zo babin Afirka sai raina ya ɓaci. Wai kogunanmu duk gangare ne da duwatsu, jirgi ba ya iya tafiya mai nisa, gaɓar tekunmu ba ta da wuraren da jirgi zai fake, ga sauro ga ƙudan tsando, ga Sahara ta raba mu da duniya. Nahiya guda mai ƙasashe sama da 50 a babi ɗaya! Tambayata ga zaure: shin da gaske inda Allah ya ajiye mu ne ya hana mu tashi, ko Bature ne ya samo hanyar wanke kansa cikin ladabi?

ƊanKwari_Layin_Atamfa:
Wa'alaikumus salam. Ni ban karanta ba, amma abin da ka faɗa game da ruwa, mu 'yan kasuwa mun san shi a aljihunmu. Kwantena ta taso daga Guangzhou ta ratsa teku wata guda da ɗoriya, ta iso Legas. Daga nan wahala ke farawa. Kusan kilomita 1,000 a bayan tirela, ga gas, ga shingaye a hanya, ga kwanakin da za ta yi kafin ma ta fita daga tasha. Akwai lokacin da na zauna na yi lissafi, abin da na kashe daga Legas zuwa Kwari ya kusa kamo abin da na biya jirgin ruwa. Wanda shagonsa ke Balogun ba ya biyan wannan. Don haka kar ka yi saurin jin haushi, Malam. Nisa da teku kuɗi ne.

Malamar_Tarihi:
Mai_Karatun_Dare, na karanta shi, har na taɓa ba ɗalibaina babin Afirkan su yi masa suka. Inda ya fi rauni shi ne batun Sahara, kuma ba sai an je da nisa ba, garin nan ya isa hujja.

Sahara ba ta raba Kano da duniya ba, ita ce ma ta haɗa ta da duniya. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, ƙarni na 15. Ayarin raƙuma na tasowa daga Tarabulus da Gadamas, su bi ta Gat da Agadas su sauka a nan. Larabawan da suka zauna cikin birni har yau zuri'arsu na nan. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ake rinawa a nan suna kaiwa har Tarabulus da Tumbuktu. Fatar jar akuyarmu ta ratsa hamada ta shiga Turai ana kiran ta fatar Maroko. A wancan zamanin mu ne bakin gaɓa, Legas kuwa bayan gari ce.

Me ya canza? Hamadar tana nan inda take, tekun ma bai matsa ba. Jirgin ruwa mai tururi ne ya zo, Turawa suka ci Kano a 1903, aka shimfiɗo layin dogo, sai fuskar kasuwancinmu ta juya daga arewa ta koma kudu. Taswira ɗaya ce ta mai da mu attajirai, ita ce kuma yau ƊanKwari ke kuka da ita. Wannan juyin ne littafin bai tsaya a kansa ba, domin idan ya tsaya, sunan littafin ma sai ya sake shi.

Abban_Gwale:
Malama, Allah ya ƙara ilimi. Wannan bayani ya fi littafin.

Tsohon_Ma'aikacin_Reluwe:
Ƙari kan maganar Malama. Dogo ya iso Kano a 1911, daga Baro aka taso da shi, aka buɗe shi sosai a 1912. Turawa auduga suke so a yi musu don masaƙun Ingila, amma manoma da fatake suka ga gyaɗa ta fi riba, suka koma kanta. Daga nan dalar gyaɗa ta samo asali, da su Alhassan Ɗantata. Ka ga ko da Bature ya zana hanyar, ba abin da ya tsara ne ya bi ta kai ba. Mu da muka yi aiki a tashar nan mun ga ƙarshen abin, lokacin da wagunu suka fara tsatsa a kan layi. Wannan kuma ba dutse ba ne ya jawo, ba kogi ba.

Kwamared_Sabon_Titi:
Ku daina wahalar da kanku. Duk littafin da zai yi maka bayanin talaucin Afirka bai ba cinikin bayi da mulkin mallaka babi nasu na kansu ba, yaudara ce. Masanin tarihi Walter Rodney ya gama wannan magana a littafinsa tun 1972. Kongo tana da kogi mai gangare, to shi ne ya sa Sarki Leopold na Beljiyam ya riƙa yanke hannayen mutane saboda roba? Gangaren ne ya kashe Lumumba, firaministansu na farko, a 1961? Sauro ne ya kawo mana SAP a 1986 masaƙun Bompai da Sharaɗa suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya? Malam Aminu bai taɓa ce wa talaka taswira ce ta zalunce shi ba.

Mai_Karatun_Dare:
Kwamared, don adalci, ya yi maganar iyakokin da Turawa suka zana, a Afirka da kuma yarjejeniyar Sykes da Picot ta 1916 a Gabas ta Tsakiya. Bai ɓoye ba. Sai dai yana kawo ta ne a matsayin laifin rashin kula da yanayin ƙasa, wato sun ja layi ba su duba dutse da ƙabila ba. Batun abin da aka kwashe aka tafi da shi, nan ne yake wucewa da sauri.

Kwamared_Sabon_Titi:
To ai nan ne maganar take. Ɓarawo ya shiga gidanka ya kwashe kaya, wani ya zo yana maka bayanin cewa katangarka ce gajeriya.

Bamaraɗiya:
Salamu alaikum. Ni 'yar Maraɗi ce, aure ya kawo ni Kano. Ku bar ni in faɗi abin da muka gani da ido, tunda ku kuna da teku ko da nesa ne, mu ba mu da shi sam.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO, wato ECOWAS, ta sa takunkumi, aka rufe boda, Nijeriya ta yanke wuta, alhali a lokacin mafi yawan wutar da Nijar ke sha daga nan take zuwa. Hanyar Kwatano, wadda kusan duk kayanmu ke bi, ita ma ta toshe. Sai da aka koma ɗauko kaya daga Lome, a ratsa Burkina Faso da rakiyar soja. Mahaifiyata tana shan maganin hawan jini, ya yi wuya a can. Ni nake saye a Sabon Gari, in ƙulle a leda in sa cikin kwalin ashana, in ba masu babur da ke bin hanyar daji ta wajen Jibiya. Kuɗin kai saƙon ya fi kuɗin maganin.

Sojoji sun ce sun kori Faransa, kuma sun kore ta, sojanta na ƙarshe ya fita a Disamba 2023. Amurka ma ta bar sansaninta na Agadas a 2024. Amma man da ake haƙowa a Agadem dole ya bi bututu kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar Benin, ƙasar da suke rigima da ita. Za ka iya korar jakada, ba za ka iya jawo teku zuwa Yamai ba. Ni dai a nan mai littafin bai yi ƙarya ba.

Uwar_Biyu:
Allah sarki 'yar'uwa. Allah ya ba Mama lafiya. Wallahi lokacin nan mu ma mun ji a jikinmu, dabino da wake da dabbobi duk sai da suka tashi.

Bamaraɗiya:
Amin Anti, na gode.

Injiniya_Na_Hotoro:
Ina tare da Bamaraɗiya rabi. Rashin teku nauyi ne, ba musu. Habasha tun da Eritriya ta ɓalle a 1993 ba ta da teku, Djibouti take biya kuɗin tasha, har yau abin na ci wa shugabanninta tuwo a ƙwarya. Amma Botswana fa? Ba ta da teku, yawancinta hamadar Kalahari ce, a 1966 da ta samu 'yanci tana cikin matalautan ƙasashen duniya. Aka gano lu'ulu'u, suka riƙe kuɗin da kyau. Kongo tana da lu'ulu'u da zinariya da tagulla da kobalt, ga ruwa ga daji. Kwatanta su yau. Sannan Koriya: yanki ɗaya, harshe ɗaya, duwatsu iri ɗaya, aka raba su a 1945. Ta Kudu na ƙera Samsung da Hyundai, ta Arewa na fama da abinci. Wace taswira ce za ta yi maka bayanin wannan?

ƊanKwari_Layin_Atamfa:
Injiniya, Botswana mutum nawa ne? Ba su kai mutanen cikin birnin Kano ba. Raba arziki tsakanin mutum miliyan biyu da rabi daban, raba shi tsakanin miliyan 200 daban.

Injiniya_Na_Hotoro:
Alhaji, to Indonesiya fa? Sun fi mu yawa, tsibirai dubbai, su ma mai suka dogara da shi a shekarun 1970 kamar mu. Kwakwar manjan da suke sayar wa duniya yau asalinta daga Afirka ta Yamma take. Ba yawa ba ne matsalar.

Ɗan_Almajiri_Madabo:
Allah ya gafarta malamai, ni abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda ake ɗaukar wannan a matsayin sabon ilimi. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi dogon bayani a Muƙaddima kan yadda zafi da sanyi da irin abincin wuri ke shafar halin mutanensa, da bambancin mutanen hamada da na birni. Har ya faɗi wasu maganganu kan baƙar fata waɗanda ba za mu karɓa ba, kuma daga irin wannan tunanin suka fito, na cewa yanayin wuri shi ke yin mutum. Wannan ya isa ya sa mu yi hattara. Amma shi bai tsaya nan ba. Abin da ya ɗora tashin daula da faɗuwarta a kai shi ne asabiyya, wato haɗin kan jama'a, da kuma zalunci wanda ya ce shi ke rusa gari. Ko a wajensa ƙasa sharaɗi ce, ba hukunci ba.

Sadauki_04:
Ni fa duk wannan surutu ne. Putin namiji ne, shi kaɗai ya tsaya wa Turawan Yamma. Da muna da irinsa da tuni an wuce wajen.

Malamar_Tarihi:
Ɗana, da ka karanta littafin da ka ga abin da yake cewa ya saɓa da naka. A wajen marubucin, Putin ba jarumi ba ne kuma ba mahaukaci ba, mutum ne da ya gaji tsoron da sarakunan Rasha suka yi fama da shi ɗaruruwan shekaru. Kuma ko wannan ina da ja a kai. Idan fili ne ya tilasta masa shiga Ukraine, to mutanen Ukraine da Poland su ma a filin nan suke zaune, su ma an sha bi ta kansu daga gabas da yamma. Me ya sa tsoron babba ne kawai ke zama hujja? Sakamakon ma ga shi: Finland, mai iyakar sama da kilomita 1,300 da Rasha, ta shiga NATO a 2023, Sweden ta bi a 2024. Wanda ya fita neman tazara ya dawo da maƙwabcin da yake gudu har bakin ƙofa.

Sadauki_04:
Malama ai ko a nan Kano an ɗaga tutarsa a zanga-zangar Agusta 2024. Talaka ya san mai ƙaunarsa.

Abban_Gwale:
Kai yaro, yawancin waɗanda suka ɗaga tutar nan ka ba su taswira su nuna maka Rasha, ka gani. Yunwa ce ta ɗaga tuta. Kuma ka manta yaƙin da kake yabo shi ya ƙara wa fulawa da taki kuɗi a 2022, tunda Rasha da Ukraine na cikin manyan masu sayar da alkama a duniya? Tambayi masu gidan burodi da 'yan Singa.

Admin_Zaure:
Jama'a a yi haƙuri, maganar littafi ake. Wanda ke son muhawarar zanga-zanga ya buɗe nasa zaren. Sadauki, an ji ka.

Yarinyar_Kwamfuta:
Tambaya nake da ita. Littafin 2015 ne. Yanzu ga jirage marasa matuƙi, ga tauraron ɗan'adam, ga intanet. Ni ina Kano ina yi wa wani kamfani a waje aiki, ban taɓa ganin teku ba. Anya zancen duwatsu da koguna bai tsufa ba?

Mai_POS_Ƙofar_Wambai:
Ƙanwata, kin manta watan Maris 2024? Cikin azumi ne, ba zan manta ba. Wayoyin intanet da ke ƙarƙashin teku suka yanke ta wajen gaɓar Kwaddibuwa. Na wuni da na'ura a hannu ina ɗaga ta sama kamar mai neman wata, layi ya miƙe har bakin titi, kowa da kati a hannu yana son kuɗin cefanen buɗa-baki, taransifa ta ƙi tafiya. Wata dattijuwa ta zauna a bencina tun azahar har la'asar, ƙarshe daga aljihuna na ba ta na ce ta kawo gobe. Intanet ɗin da kike aiki da shi ta cikin tekun da ba ki taɓa gani ba yake biyowa.

Yarinyar_Kwamfuta:
Haka ne Yaya, ranar ban yi aiki ba. Amma cikin 'yan kwanaki aka karkatar da layin ta wasu wayoyin. Raƙumi da ya ɓata hanya a Sahara ba ya samun wannan gatan.

ƊanKwari_Layin_Atamfa:
Mu kuma namu ba ya karkatuwa da sauri haka. A 2021 jirgi ɗaya, Ever Given, ya gicciye a mashigin Suez kwana shida, kasuwar duniya ta rikice. Daga ƙarshen 2023 'yan Houthi na Yaman suka fara harbin jirage a mashigin Bab al-Mandab da ke bakin Bahar Maliya, manyan kamfanoni suka koma zagayawa ta ƙasan Afirka ta Kudu. Ko kayan da ba ta can suke bi ba sai da kuɗin dakonsu ya tashi, saboda jirage da kwantenoni sun yi ƙaranci. Mai sayen shadda a Kwari bai san sunan mashigin ba, amma shi ya biya.

Tsohon_Ma'aikacin_Reluwe:
Mu dawo gida kaɗan. Mai littafin na yabon kogin Mississippi, wai shi ne sirrin arzikin Amurka, ana ɗora hatsi a kwale-kwalen dako a kai teku da araha. Gaskiya ne, kuma sayen yankin suka yi daga Faransa a 1803 kan dala miliyan 15. Amma kogin nan ba haka kawai yake ba, kullum cikin yashe shi ake, an gina masa madatsai da ƙofofi. Mu ma muna da Kwara da Binuwai. A zamanin Turawa jiragen ruwa na hawowa har Baro, a Binuwai kuma har Yola da Garwa lokacin damina. An ƙaddamar da sabuwar tashar Baro a 2019. ƊanKwari, ka taɓa sauke kwantena ɗaya ta can?

ƊanKwari_Layin_Atamfa:
Baba, ko a mafarki.

Kwamared_Sabon_Titi:
To kun gani. Kogi na nan, tasha na nan, kaya babu. A je a tambayi taswira dalili.

Bamaraɗiya:
Shi ya sa mu idonmu na kan dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021. Na ji mutane a nan suna cewa me ya sa za a kai dogo wata ƙasa. Wace ƙasa? Katsina da Maraɗi gida ɗaya ne, masarautar Maraɗi ma Katsinawa ne suka kafa ta bayan jihadi. Layin da ya raba mu Ingila da Faransa ne suka ja shi. In dogon ya yi aiki, albasa da dabbobinmu su sauko, kayanku na Dawanau da Kwari su hau. In dai ba a sake rufe boda ba, don a 2019 ma an rufe ta sama da shekara, ba juyin mulki ba komai.

Mai_Karatun_Dare:
Na karanta duk abin da aka rubuta. Har yanzu ina ganin babin Rasha da na Sin sun cancanci kuɗin littafin. Bayanin da ya yi kan Tibet, cewa manyan kogunan Sin daga can suke tasowa don haka Beijing ba za ta taɓa sakin ta ba, da yadda mansu ke bi ta mashigin Malacca, ya sa na fahimci labaran da nake ji a rediyo shekara da shekaru. Na Afirka ne dai ban yafe ba. Nijeriya a wajensa ba ta wuce mai a kudu da Boko Haram a arewa ba. Malama, an ce littafinsa na 2021, The Power of Geography, yana da babi guda kan Sahel. Ya gyara ko dai haka yake?

Malamar_Tarihi:
Yana da shi, da na Habasha ma. Ya fi zurfi, amma ido ɗaya ne: abin da ya dame shi shi ne me Sahel za ta jawo wa Turai, 'yan ci-rani da 'yan bindiga. Kuma an rubuta shi kafin juyin mulkin Burkina Faso da na Nijar, kafin su biyun da Mali su fice daga ECOWAS a Janairu 2025, don haka rabin lissafinsa ya riga ya canza. Ka karanta, amma da biro a hannu.

Injiniya_Na_Hotoro:
Har yanzu ba wanda ya amsa mini batun Koriya.

Ɗan_Almajiri_Madabo:
Injiniya, masu goyon bayan littafin za su ce maka raba ta ɗin ma saboda inda take ne, tsakanin Sin da Rasha da Japan, kowa na tsoron ɗayan ya mallake ta.

Injiniya_Na_Hotoro:
Wannan ya bayyana dalilin rabawa. Bai bayyana dalilin da ya sa ɗaya ta ƙoshi ɗaya ke yunwa ba.

Uwar_Biyu:
Don Allah akwai wanda ya fassara littafin nan da Hausa? Maigidana ke tambaya, na karanta masa muhawarar nan ya ce shi yana bayan ƊanKwari. Kuma Mai_Karatun_Dare, in ka gama da naka a ba mu aro, Rijiyar Zaki muke.

Mai_Karatun_Dare:
Hajiya, akwai mutum biyu a gabanki, kuma na farkon ya riga ya karɓa jiya bayan isha'i. Zan sa ki a layi.